Wata takwas tana ɗingishi, ana ce mata sanyi ne

Maman Sadik, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nike nema a kan ƙanwata. Shekarunta 27, ɗiyanta biyu. Ciwo ne ya kama ta a matsematsinta na hagu, can ciki, daidai inda cinya ta haɗu da gangar jiki. Da farko sai ta yi doguwar tafiya ko ta daɗe tsaye wajen girki take jin sa. Yanzu wata takwas ke nan, ɗingishi take yi, kuma ciwon ya sauko har gwiwa. Wurin mai kemis munka fara zuwa, ya ce sanyi ne, ya haɗa mata ƙwayoyi kala huɗu cikin leda. Daga nan sai wani asibitin kuɗi, anka ce ciwon baya ne ya danne jijiya. An yi eksire na baya da na gwiwa, ba a ga komai ba. A wata na uku an yi na ƙugu, shi ma anka ce lafiya lau. Inna ta kai ta an yi mata ƙaho har sau biyu. Abin da ya tayar mani da hankali, jiya na iske ta tana salla kan kujera. Ta ce zaman tahiya ya gagare ta, tsugunno a bayi ma sai ta dafa bango. Yarinyar da ita ke yi muna daka duk gidan in ana biki. Wa ya taɓa ganin irin wannan?

Hajiya Kulu, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, wagga sanyi ce ta haihuwa, ba ta samu wankan jego yadda ya kamata ba. A dafa mata citta da kanumfari da masoro, a riƙa gasa wurin da ruwan zafi, ta bar shan ruwan firji. Allah ya ba ta lafiya.

Baban Ikilima:
Ku kai ta wurin mai ɗori ya duba. Wani lokaci targaɗe ne ya kwana a jiki, mutum bai sani ba. Asibiti in ba su gani a hoto ba shi ke nan, sai su ce lafiyarka lau.

Nas Jamila:
Kafin a gasa ko a ja ƙafa, Maman Sadik ki amsa mani abu uku. Mene ne jinotayif ɗinta? Ta taɓa faɗuwa ko haɗarin mota ko babur, ko da shekara biyu baya? Kuma akwai maganin da ta daɗe tana sha kafin ciwon ya fara, kowane iri, har na gargajiya?

Maman Sadik, Mabera:
Ba ta faɗi ba, ba ta yi haɗari ba. Jinotayif an ce AS ce lokacin aurenta, amma ban ga takardar da idona ba. Magani kuma ban san tana shan wani abu ba.

Ɗan Arkilla:
Hajiya Maman Sadik, wallahi ina karantawa gabana na faɗuwa, don tarihina ne kika rubuta. Ni SC ne. Mu masu SC ba mu cika kwanciya kamar masu SS ba, shi ya sa ko a gida mantawa ake yi da muna da sikila. Ina shekara 24 gwiwata ta dama ta fara ciwo. Gwiwa, ba ƙugu ba. Kusan shekara guda ana maganin gwiwa, an shafa, an ɗaure, an yi allura. Duk wanda na je wurinsa gwiwar yake tattaɓawa saboda nan nake nunawa. Ranar da Allah ya haɗa ni da likitan ƙashi, bai ko kalli gwiwar ba tukuna. Ya kwantar da ni rigingine, ya lanƙwasa ƙafar, ya murza ta zuwa ciki. Ihun da na yi sai da na waje suka ji. Ya ce malam, gwiwarka lafiyarta lau, kan ƙashin cinyarka ne ke mutuwa. A lokacin ya riga ya fara lotsawa. Yau ƙugun ƙarfe nake tafiya da shi, alhamdu lillahi ina zuwa kasuwa ina salla, amma da an murza ƙafar nan shekara guda kafin nan, wataƙila da nawa na asali nake yawo. Don Allah kar ku bari a sake wata guda.

Dakta Umar:
Salam. Ni likitan ƙashi ne, Jamila ce ta jawo hankalina. In faɗa tun farko, ba a gane cuta ta waya, sai an ga mara lafiya. Amma abin da aka bayyana ya isa a yi zargin ciwon da Ɗan Arkilla ya faɗa, wanda muke kira AVN, wato mutuwar kan ƙashin cinya saboda yankewar jini.

Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake, zaune cikin kwarmin ƙashin ƙugu. Ƙashi abu ne mai rai, yana cin abinci ta jini. Matsalar wannan ƙwallon ita ce hanyoyin jininsa 'yan kaɗan ne, siraran jijiyoyi ne da ke hawa ta wuyan ƙashin, kuma in sun toshe babu wata hanyar ratse mai ƙwari. Sai wani sashe na ƙwallon ya mutu, alhali duk nauyin jiki a kansa yake sauka. A hankali ya tsage ta ƙarƙashin guringuntsi, ya lotsa, daga nan gaɓar gaba ɗaya ta lalace.

Ya fi kama masu shekara 30 zuwa 50, amma a masu sikila muna ganin sa tun suna samari da 'yan mata. Alamarsa ta farko ciwon matsematsi ne in an taka ƙafa. Yana iya zagayawa ɗuwawu, ko gaban cinya, ko gwiwa, domin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga ƙugu su ne ke kaiwa daga gwiwa. Daga baya mutum ya kasa tanƙwashe ƙafa a tabarma, ya kasa zaman tahiya, ya kasa ɗaga ƙafa ya hau babur. In ya yi nisa ko a kwance ciwo yake.

Hajiya Kulu, Runjin Sambo:
To likita, ai ta ce an yi hoton ƙugun anka ce lafiya lau. Ko hoton ma ƙarya shika yi?

Dakta Umar:
Hajiya, hoton bai yi ƙarya ba, idonsa ne bai kai ba. Kin san azarar ɗaki da gara ta ci ta ciki? Ki ɗaga kai ki kalle ta, tana nan yadda magini ya ɗora ta, sai ranar da ruwa ya yi nauyi a rufin ta karye. Eksire siffar ƙashi da ƙarfinsa yake gani. Ƙashin da ya mutu jiya siffarsa ba ta canza ba, don haka watanni na iya wucewa hoton na fitowa fes. Likitocin Faransa biyu, Ficat da Arlet, sun kasa ciwon mataki huɗu. A na farko akwai ciwo amma eksire bai nuna komai. A na biyu ana ganin ɗan dabbare-dabbare amma ƙwallon na nan kewayayye. A na uku ya tsage, ana ganin wani siririn layi kamar jinjirin wata, ya fara lotsawa. A na huɗu kwarmin ma ya ci. Wanda ke ganin mataki na farko shi ne hoton MRI, na'urar nan da ake zura mutum ciki. Hoton da aka yi wa yarinyar nan a wata na uku ba ya wanke ta a wata na takwas.

Gasawa da citta ba za su cutar da ita ba, Hajiya, sai dai su cinye lokaci, kuma lokacin ne jarin da muke da shi a wannan ciwon.

Wata baiwar Allah:
Ku yi haƙuri na ɓoye sunana. Maman Sadik, ki ja ta ɗaki ku biyu, ba gaban Inna ba, ba gaban mijinta ba, ki tambaye ta ko ta taɓa shan maganin ƙiba. Sha ka fashe. Ba za ta kira shi magani ba in kika ce "kina shan magani?", don mu ba ma lissafa shi a magani. Ni na sha fiye da shekara. Yanzu da likita ke bayani jikina ya yi sanyi, don ni ma ƙuguna na dama na damuna in na hau bene.

Nas Jamila:
Wannan ita ce tambayata ta uku, ta fi ni iya yin ta.

Maman Sadik, Mabera:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kira ta yanzu. Ta daɗe shiru sannan ta fashe da kuka. Tun da ta yaye na biyun ta rame, dangin miji na ta magana, ana cewa ko ba a ba ta abinci. Wata ƙawarta ta kawo mata wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi. Ta sha wajen wata goma sha huɗu. Mu kuma muna ta yaba ta, muna cewa ta yi kumatu, aure ya karɓe ta. Wallahi da bakina na faɗa. Kuma ta ce har yanzu takan sha, don in ta sha ciwon na lafawa.

Malam Buhari, Gawon Nama:
Ga irinta nan. Mata ba ku jin magana. Allah ya halicce ki siririya ki ce sai kin canza. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Maman Sadik, Mabera:
Malam, yarinyar na can tana kuka, ba hoho muka zo nema ba.

Anti Rabi, Gidan Igwai:
Malam Buhari, da girmanka. Wa ke cewa a nemo mai jiki in za a ƙara aure? Wa ke yi wa matarsa gorin ƙashin wuya? Kuma irin wagga maganar taka ita ke sa mace ta je gaban likita ta rantse ba ta shan komai. Sai likita ya rubuta ciwon baya, a sallame ta. Kun ga yarinyar nan asibiti nawa ta je ba ta faɗa ba? Kunya ce ta ci mata wata takwas.

Malam Buhari, Gawon Nama:
Na karɓi gyara, Anti. Zafin abin ne. Allah ya ba ta lafiya, Maman Sadik ki yi haƙuri.

Aminu mai harhaɗa magunguna:
Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: kar ta daina shan ƙwayar nan kwatsam, kuma ke baiwar Allah ke ma haka. Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da sunan maganin ƙiba akwai deksametason ko firedinisolon a ciki, dangin sitiroyid. Jiki na yin irin wannan sinadarin da kansa, a wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda. In an daɗe ana sha daga waje sai su yi barci. A yanke kwatsam, jini na iya faɗuwa, amai, kasala, har suma, kuma yana kisa. Likita ne zai rage mata kaɗan-kaɗan. Ku ɗauki ledar da kwalin duka ku tafi da su.

Kuma ba mata kaɗai ba ne. Haɗin nan na ciwon jiki da leburori da 'yan kabu-kabu ke saye da yamma, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle, sau da yawa akwai deksa a ciki. Ba mamaki ledar da aka haɗa mata ta "sanyi" ma akwai shi. Ƙibar da yake sawa kuma ba ta lafiya ba ce: fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, ga hawan jini da ciwon suga na biye.

Kada a fahimce ni baibai. Maganin na ceton rai in likita ya rubuta shi, masu asma da ciwon ƙoda da wasu cututtuka na buƙatarsa. Wanda likita ya ɗora a kai kar ya ajiye saboda wannan hirar, sai dai in ƙugunsa ya fara ciwo ya faɗa da wuri.

Sani Tela, Kofar Marke:
Ni inda nake da ja shi ne maganar MRI. Likita, kuna faɗin abin kamar ruwan randa. Talakan da ke neman na masara ina ya ga kuɗin wannan hoton? Wani lokaci ma ka tara kuɗin a ce na'urar ta lalace, sai ka yi tafiya. In duk mai ciwon ƙugu sai ya yi MRI, ai mun ƙare.

Dakta Umar:
Malam Sani, gaskiyarka, kuma ban ce kowa ba. Yawancin ciwon ƙugu ba wannan ba ne. Akwai abin da ba ya cin ko sisi, shi ne aka tsallake a labarin nan da na Ɗan Arkilla: tambaya da murza ƙafa. Mai ciwon baya da ya danne jijiya, ciwonsa ta bayan cinya yake bi ya wuce gwiwa har tafin ƙafa, da jin kamar tafiyar kiyashi ko mutuwar fata, tari ko atishawa na tayar da shi, amma ka murza ƙugunsa ba ya jin komai. Mai ciwon kan ƙashin cinya kuwa, ka ce ya nuna wurin sai ya kama matsematsi, ka murza ƙafar ciki ta ƙi tafiya. Minti biyu ne.

In ga wannan alamar, ga kuma ɗaya daga cikin dalilan da muka sani, wato sikila, ko daɗewa kan sitiroyid, ko yawan shan giya, ko tsohuwar karaya ko gocewar ƙugu, ko cutar ƙanjamau, to a nan ne MRI ya cancanci a sayar da akuya. In babu hali ko kaɗan, a sake eksire na ƙugu biyun, a yi ta gaba a kuma yi wanda ake buɗe cinyoyi kamar kwanciyar kwaɗo, don shi ke fito da tsagewar nan. A riƙe sanduna a rage wa ƙafar nauyi kafin a samu. Sanda ba ta warkar da shi, amma tana rage ciwo. Na ce ƙugu biyu da gangan: in ba rauni ne ya jawo shi ba, sau da yawa ɗayan ma ya kamu, yana nan shiru bai fara ciwo ba.

Wani dalilin da ya sa dole a ga likita: tarin fuka na kama ƙugu, yana kama da wannan, maganinsu kuma daban. Ciwon ƙugu da zazzaɓi mai zafi da kasa taka ƙafa kwata-kwata, musamman ga yaro ko mai sikila, wannan na ranar ne, ba a kwana da shi, mugunya ce mai yiwuwa ta taru a gaɓar. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 da ke ɗingishi ba tare da ya faɗi ba, yana cewa gwiwa, shi ma a duba ƙugunsa, akwai irin na yara.

Baban Ikilima:
Likita, ni dai ba zan raina masu ɗori ba. Hannuna da ya karye ina yaro a ƙauyenmu wajen Gwadabawa anka ɗora shi, ga shi ina noma da shi.

Dakta Umar:
Ban raina su ba, Baba, nima an ɗora ni ina yaro. Amma hannu na waje, ana kama shi a ɗaure da kara. Kan ƙashin cinya na can binne cikin tsoka, ba hannun da ke kai wa gare shi, kuma a nan ba abin da ya karye balle a ɗora. Ja da murɗa ƙashin da ya yi laushi na iya ƙarasa shi. Inda na fi jin ciwo shi ne haɗarin babur. Ƙugu ya goce, muna son a mayar da shi cikin awa shida, saboda jijiyoyin jinin nan a miƙe suke ko a lanƙwashe. A wuce da mutum gida, a zo mana da shi bayan sati uku. Ko an mayar, bayan shekara ɗaya ko biyu ana iya iske ƙashin ya mutu.

Ummu Nana:
Ɗiyata SS ce, shekara 15. Ya zan bambance wannan da ciwonta na kullum?

Ɗan Arkilla:
Mama, ciwon sikila na tasowa ne ya yi kwanaki ya sauka, kuma yakan zaga wurare. Wannan wuri ɗaya yake zama, ba ya tafiya, kuma tafiya ke tayar da shi. Ki riƙa kallon takunta in ba ta san kina kallo ba. Mu masu sikila mun saba da ciwo har ba ma faɗa, sai a ce "ai ciwon nasa ne" a ba mu maganin kashe zafi. In kun je asibitin sikila ki ce a murza ƙugunta ko ba ta yi ƙorafi ba.

Maman Sadik, Mabera:
To likita ina za mu nufa? Kuma in shi ne, yana warkewa?

Dakta Umar:
Ku je ɓangaren ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko asibitin ƙashi na Wamakko. Ku tafi da duk tsofaffin hotunan, a sake gwada jinotayif. In an kama shi kafin ya lotsa, akwai aikin da ake huda ƙashin da siririn ƙarfe har wurin da ya mutu, a rage matsin ciki, a buɗe wa sabon jini hanya. Ba kowa yake yi wa aiki ba, ya fi nasara in wurin ƙarami ne. In ya riga ya lotsa, ƙwallon ba ya komawa kewayayye, ƙarshenta sai canjin ƙugu, ana yi a manyan asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano. Aiki ne mai kyau, mutum na komawa harkokinsa, sai dai yana da tsada kuma na ƙarfen na cinyewa da shekaru, mai shekara 27 na iya buƙatar a sake mata. Kuma ta yi hankali da shan maganin kashe zafi irin su diklofenak kullum-kullum, suna taɓa ƙoda da ciki.

Maman Sadik, Mabera:
Salam 'yan uwa, na dawo bayan sati uku. Mun je. Likitan na murza ƙafar ya dubi na kusa da shi, na san akwai magana. Sabon eksire ya nuna na hagu ya tsage, mataki na uku. Mijinta da yayanmu sunka haɗa kuɗi anka yi MRI, sai ga na dama shi ma ya fara, wanda ko sau ɗaya bai taɓa yi mata ciwo ba. Jinotayif AS ce da gaske, sun ce ƙwayar suka fi zargi. An fara rage mata ita a hankali. Sun ce za a huda na daman tun yana da rai, na hagun kuma a lallaɓa da sanduna a ga iya inda zai kai. Ta yi kuka, mun yi kuka. Hajiya Kulu, Inna ta ce in gaishe ki, ita ma sanyi ta ɗauka.

Hajiya Kulu, Runjin Sambo:
Ina amsawa. Allah ya sa kaffara ne. Ni ma jikata na ɗingishi tun damina, na ce ma uban ya kai shi a murza ƙafar.

Wata baiwar Allah:
Maman Sadik, Allah ya ba ta lafiya. Na faɗa wa mijina daren jiya, bai yi faɗa ba. Talata za mu je. Malam Aminu, kwalin na yar tuntuni, saura ƙwayoyin tsirara cikin leda. In kai su haka?

Aminu mai harhaɗa magunguna:
Ki kai su haka. Ki rubuta a takarda guda nawa kike sha a rana da watan da kika fara, ki miƙa wa likitan tun kafin ya tambaya.